Injin Tace Yashi da Tsakuwa: A Ci Riba, a Koma Gida Lafiya

Jawabin kwamitin inji a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

 

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, malamanmu na yaƙi da jahilci, iyayenmu da ke zaune a gaba, yayyenmu da ƙannenmu, baƙinmu na kusa da na nesa, sannunku da zuwa, an gaishe ku. Mun gode wa Allah da Ya sake nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

Ma'aji ta riga ta karanta mana lissafi, kowa ta ji abin da ya shigo da abin da ya fita, don haka ba za mu maimaita zancen kuɗi ba. Mu 'yan kwamitin inji, abin da aka ɗora mana shi ne mu yi bayanin yadda ake shirya injin tace yashi da tsakuwa, da yadda ake aiki da shi ba tare da ya ci hannun wata, ko huhunta, ko kunnenta ba. Mun roƙi a buga jawabin a takardar ƙungiya don wadda ba ta zo ba ta karanta, wadda kuma karatunta bai yi ƙarfi ba 'yarta ta karanta mata.

Kun san inda muka fito. Wasunmu 'yan kasuwa ne, masu tebur da masu rumfa. Wasu kuma a gindin dutse suke wuni da guduma suna fasa tsakuwa, su jingina raga a jikin sanda su riƙa watsa yashi da shebur har rana ta faɗi, su auna wa mai saye da kwanon sarki. Da kuɗin adashi da gudummawar wata-wata muka haɗa muka sayi injin nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun gani da idonmu. To amma ƙarfin da ya sa inji yake yin aikin mata da yawa cikin ɗan lokaci, shi ne dai ƙarfin da zai karya ƙashi in an yi sakaci. Inji bai san mai shi ba.

Yadda yake aiki

Duk macen da ta taɓa tankaɗen gari ta san rabin aikin. Rariya ce babba, sai dai mota ce ke girgiza ta maimakon hannu. Motar tana juya bel, bel yana juya wani ƙarfe da aka yi wa nauyi a gefe ɗaya da gangan. Wannan rinjayen nauyi shi ke sa akwatin ya riƙa karkarwa a kan sifirin ɗinsa. Akwatin a karkace yake, don kaya su riƙa gangarowa. Ragar sama mai manyan idanu ce, ita ke tare manyan duwatsu. Ta ƙasa mai ƙananan idanu ce. Abin da ya ratsa ragar da idonta ya kai kusan milimita 5, shi magina ke lissafawa a yashi. Wanda ya tsaya a sama tsakuwa ce, ita ma iri-iri: akwai rabin inci, akwai tiri-kwata, wato wajen milimita 20, wadda aka fi nema wajen zuba kankare. Mai filasta kuma yashi mai laushi yake so, mai buga bulo nasa daban.

Me ya sa muka kawo wannan? Don in raga ta yage ko ta saki, kaya sukan gauraye, mu sayar wa mutum abin da ba shi ya biya ba. Shi kuma gini zai yi da shi, mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. Haka nan yashin da laka ta yi wa yawa, siminti ba ya kama shi da kyau. Gwajin ba wuya: a zuba yashi a kwalba, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In lakar ta yi kauri, wannan ba na kankare ba ne, sai an wanke shi. Amana ce, kuma ita ma tana cikin zancen tsira da rai.

Kafin a tayar

Tun ran gini, tun ran zane. Yawancin haɗari tun kafin a taɓa makunni ake kauce masa. Kowace safiya mace biyu ne za su zagaya injin, makullin yana aljihun ɗaya daga cikinsu.

A fara da ƙasa. Injin ya zauna daidai a kan daɓen kankarensa. In ruwan sama ya zaizaye gefe ɗaya, a gyara tukuna, don abin da ke girgiza wuni guda yana iya tafiya da kansa kaɗan-kaɗan. A share duwatsu da shebura da igiyoyi daga inda ake takawa.

Sai notuna. Girgiza tana kwance noti, halinta ke nan. A bi su da sifana ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda ke riƙe raga da mota. A duba sifirin: in ɗaya ya tsage ko ya fi 'yan'uwansa lotsawa, ko tsakuwa ta cika tsakaninsa, ba a tayarwa. A duba raga ko ta huje. A duba bel ko ya fara zare, ko ya yi sako-sako. A sa wa boris giris gwargwadon yadda bakanike ya nuna, ba a cika shi fal, don yawan giris ma yana sa shi zafi. A duba baƙin mai da ruwan janareta. A bi waya da ido daga janareta har mota: in akwai inda ta feɗe, ko tana kwance a cikin ruwa, a kira mai gyaran wuta. Ɗaure waya da leda ba gyara ba ne.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: murfin bel. Wannan kejin ƙarfe da ya rufe bel da fuli, in ba ya nan, ba aiki. Mun san abin da ake cewa, wai yana ɓata lokaci in za a ɗaure bel, wai yana ƙara. To ya yi ta ƙara. Dokar masana'antu ta ƙasar nan ma ta wajabta a killace sassan inji masu juyawa. Bakanike in ya gama gyara, kada a biya shi sai ya mayar da murfin ya ɗaure.

In an gama zagaye, a rubuta a littafi: kwanan wata, sunan masu dubawa, abin da aka gani. A nan ne karatun yamma ya yi mana rana. Da yawanmu da girmanmu muka koyi riƙe biro, yau ga shi mu ke rubuta ranar da aka canza mai, mu ke karanta gargaɗin da ke jikin inji. Malamanmu, Allah Ya saka da alheri.

Zancen sutura

Wannan magana tamu ce ta mata, kuma a fili za mu yi ta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu wadda ba ta taɓa jin labarin injin niƙa ko markaɗe ya fizgi mayafi ko hijabin wata ba. Bel in ya kama bakin zane ba ya saki, kuma kafin ki ce wayyo ya naɗe shi har wuya. Injinmu ya fi na markaɗe ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ba mu ce wata ta zubar da suturarta ba, Allah Ya kiyaye. Abin da muka tsara shi ne: mai aiki kusa da inji ta sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ta cusa bakinsa cikin rigar aiki mai dogon hannu da maɓalli a wuyan hannu, da wando a ciki. Babban hijabi da gyale a rataye su a rumfa, in an tashi a ɗauka. Awarwaro, zobe, sarƙa, carbi a wuya, duk a cire. Silifas ba takalmin aiki ba ne, a sa rufaffen takalmi mai ƙarfi, don dutse yana faɗowa. Safar hannu tana da amfani wajen ɗibar tsakuwa da riƙe shebur, amma kada a kai hannu mai safa kusa da abin da ke juyawa, ita ma kama ta yake yi. Tabarau na aiki kuma dole ne, tsakuwa tana tsalle daga raga.

Lokacin aiki

Mutum ɗaya ce mai makunni, kuma ba ta barin wurin. Kafin ta kunna, ta zagaya ta ga kowa da idonta, ta busa usur, kowa ta ja baya. Lokacin tashi da lokacin tsayawa ne injin ya fi tsalle, don haka ba a tsayawa jikinsa sai girgizarsa ta daidaita. A tayar da shi babu kaya a kai. A saurare shi na ɗan lokaci. Wadda ta saba ta san muryarsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. In an ji ƙwanƙwasa, ko ƙaurin roba, ko gefe ɗaya ya fi tsalle, a kashe.

Zuba kaya kaɗan-kaɗan ake yi, a baje shi a faɗin raga. In an jibga, yashi ba ya samun hanyar ratsawa, sai ya bi tsakuwa ya fita, mota kuma ta yi zafi. Sauri ya haifi nawa. In za a tashi, a fara daina zubawa, a bari raga ta zazzage, sannan a kashe.

Raga za ta toshe, wannan babu makawa, musamman da damina in yashi ya yi danshi ga laka. Nan ne shaiɗan yake raɗa wa mutum: ɗan sa hannu kawai ki ture, ɗan zura sanda. A'a. A kashe, a jira ya tsaya cak, a kashe janareta, wadda za ta share ta zare makulli ta sa a aljihunta. Muddin hannunta na cikin inji, makulli na jikinta. Ko Hajiya Shugaba ce ta zo da mai saye yana sauri, sai ta jira. Mun yi wannan magana da ita, ita ce ma ta ce a rubuta haka.

Tarin yashi kuma ba a ƙwaƙule shi ta ƙasa a bar sama a rataye, ruftawa yake yi. In tifa za ta yi baya, mutum ɗaya ke ba direba hannu, a inda direban ke ganin sa ta madubi, kowa kuma ya kauce daga bayanta. Kwanon sarki ko baro, a durƙusa da gwiwa a ɗauka, kada a sunkuya da baya. Mai juna biyu ba ta ɗaukar kaya, ba ta tsayawa a ƙura, a ba ta littafi da karɓar kuɗi, rabonta kuma ba ya raguwa.

Ƙura

Bel in ya ji wa mutum rauni kowa zai gani nan take. Ƙura kuwa a hankali take yi, shi ya sa ake raina ta. A cikin yashi da dutsen da muke fasawa akwai wani sinadari, likitoci na ce masa silika. Ƙurar da ido ke gani, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Wadda ta fi illa ita ce mai laushin da ba a gani, tana wucewa har can cikin huhu ta zauna, huhu ya yi ta yin tabo. Bayan shekaru sai a ga mace tana haki in ta hau ɗan tudu, ga tari ba ya jin magani. Sunan ciwon silikosis, kuma har yau ba shi da maganin warkewa, abin da ya lalace ya lalace. Ƙari a kan haka, huhun da ƙurar nan ta ci ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

Rufe hanci da bakin mayafi ba ya tare wannan ƙura. Takunkumin yadi irin wanda muka sa lokacin korona ma bai isa ba. Wanda ake buƙata shi ne mai lamba N95 a jikinsa, kuma sai ya kama fuska sosai, an matse ɗan ƙarfen kan hanci. In ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a cikinsa, a canza, ba a wanke shi. Shan madara bayan aiki, kamar yadda wasu ke cewa, ba ya wanke huhu. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu ta shiga.

Babban magani shi ne kada ƙurar ta tashi. A yayyafa ruwa a fili da hanyar baro da inda kaya ke zubowa. Ba a shara a bushe. Za ku ce ai ruwa na toshe raga. Gaskiya ne, yashi mai ɗan danshi da laka shi ya fi toshewa. Don haka ruwan a ƙasa da bakin fitar kaya ya fi yawa, tsakuwa kuma a jiƙa ta ba damuwa. A lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Mai aiki ta tsaya inda iska ke dukan bayanta, rumfar hutu da randar ruwan sha ma a matsar da su in lokaci ya juya. Kuma a riƙa karɓa-karɓa, kada mace ɗaya ta wuni a bakin inji.

Kada mu kai ƙurar gida. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gari da cikin gidaje ana niƙawa. Duwatsun na ɗauke da gubar dalma, ƙurarsu ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, yara sama da 400 suka rasu. Namu dutsen gini ne, amma darasin ɗaya ne: abin da uwa ta kwaso a jikinta, yaro ne ke fara shaƙa. A tuɓe rigar aiki a wurin aiki, kada a kakkaɓe ta, a jiƙa a wanke. A wanke hannu da fuska kafin a ci abinci, kafin a ba da nono. Kuma duk wanda ya kawo mana dutsen ma'adini ya ce mu tace masa, ko nawa zai biya, ba ma karɓa.

Ƙara, hayaƙi da wuta

Masana sun ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, in mutum yana wuni a cikinta awa 8 kullum, tana cin ji. Mu ba mu da na'urar awo, amma ga alama: in sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye kusa da ke ta ji ki, to ƙarar ta yi yawa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A sa abin toshe kunne na roba, auduga ba ta wadatarwa.

Janareta a fili yake zama, ba a shigar da shi ɗakin ajiya don gudun ruwa ko ɓarayi yana aiki. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kashe shi yana barci. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Jarkar mai nesa da murhun mai abinci. Bokitin yashi da abin kashe gobara su kasance a kusa. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, a fara aiki da sassafe, a huta da tsakar rana, a sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba.

Yara da leburori

Goyo ba ya zuwa bakin inji. Mun san wahalar, wa za a bar wa? Shi ya sa muka ce a riƙa ware mace ɗaya kullum ta zauna da yara a rumfa, nesa da ƙura, a lissafa mata ranar aiki cikakkiya. Yara 'yan talla da almajirai masu son kallo, a kore su da daɗin baki amma a kore su. Ba ma ɗaukar ƙaramin yaro aiki, ko ɗan wace ce.

Samarin da muke ɗauka su yi mana lodi, 'ya'yan wasu ne, haƙƙinsu na wuyanmu. Takunkumin da muka sa su ma a ba su. Sabon zuwa ba ya taɓa shebur sai an zagaya da shi an nuna masa makunni da inda ba a tsayawa.

In tsautsayi ya faɗa

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. In abu ya faru, farko a kashe inji. In wuta ce ta kama mutum, kada a taɓa shi sai an kashe janareta. In jini ne, a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga wurin sama, a tafi asibiti. Ba a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai a ciwo. A tambayi allurar tetanus. In yatsa ya cire, Allah Ya kiyaye, a naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai raunin. In abu ya faɗa ido, ba a murzawa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta. Wadda tari ya wuce mata mako biyu ta je asibitin gwamnati, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, kuma ta gaya wa likita irin aikin da take yi.

Roƙonmu ga babban taro

Abu uku muke roƙo a amince da su yau. Na ɗaya, a riƙa cire wani kaso daga kuɗin kowace tifa a sa a asusun kayan kariya da magani, babban taro ya yanke ko nawa ne. Na biyu, a sayi tankin ruwa a kafa a wurin aiki, don sayen ruwan 'yan garuwa jarka-jarka shi ke sa ake jin ƙyashin yayyafi. Na uku, a rubuta a dokar ƙungiya cewa kowace mamba, ko jiya ta shigo, tana da ikon cewa a kashe inji in ta ga abin da bai kwanta mata ba, kuma ba mai yi mata faɗa ko da ya zamana ba komai.

Mun san rabon ƙarshen shekara zai ɗan ragu, kuma kowa na da buƙata, ga kuɗin makaranta, ga kayan ɗakin 'ya'ya. Amma ku auna da kuɗin kwanciya asibiti, da gidan da mai ciyar da shi ta daina iya fita. Lafiya uwar jiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Muna godiya ga mazajenmu da suka ba mu dama, da bakaniken da ba ya gajiya da tambayoyinmu, da masu buga bulo da magina da suke sayen kayanmu. In mun faɗi abin da ya ɓata wa wata rai, a yafe mana, don gyara muka faɗa. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya sa albarka a neman halalinmu, Ya kai mu baɗi da ƙafafunmu da hannayenmu cikakku. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.